Na yi wa kaina maganin tsiron fata da leza a gida: yadda abin ya kai ni asibiti

Tsiro iri uku ne a jikina, amma har ranar da na zauna gaban likitar fata, ni a wurina duk abu ɗaya ne, tusar jaki nake kiran su. Akwai 'yan ƙanana masu reto a wuya da hammata, waɗanda suka yawaita bayan haihuwata ta biyu, sarƙa ta riƙa kama su har su yi jini. Akwai baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu ɗan tudu a kumatu da gefen ido, irin waɗanda na taso na gani a fuskar mahaifiyata. Sai tawadar Allah guda ɗaya a bayan kafaɗata ta hagu, wadda tun ina yarinya take nan, faɗinta bai kai na robar da ke gindin fensir ba. Babu wanda yake min ciwo a cikinsu. Ganinsu ne ya dame ni, ga kuma nauyin zuwa asibiti a kan abin da nake jin likita zai ce ai wannan ba cuta ba ce. Wannan nauyin ne ya kai ni intanet. Ina rubuta abin da ya faru bi da bi ne saboda na san a yanzu haka akwai wadda take duba hoton irin na'urar da na saya, tana shawarar ko ta biya.

Abin da na fara cin karo da shi gajerun bidiyo ne: hannu ya riƙe wani abu kamar biro, jan haske ya sauka a kan tsiro, sai a nuno fata sumul, a ce bayan kwana kaza ke nan. Alƙawarin da ya ja ni shi ne ba zafi, ba jini, ba tabo. Masu tallar suna kiran abin leza mai ƙaramin ƙarfi, wasu su ce leza mai sanyi, kuma suna kafa hujja da cewa asibitoci ma da leza suke cire tsiro. Na biya ta waya, na jira mako uku kafin kwalin ya iso. A ciki akwai na'urar, da wayar caji, da wani baƙin tabarau na roba da babu rubutun komai a jikinsa, da takardar bayani mai shafi biyu. A jikin na'urar an manna ɗan rubutu: tsawon zangon haske nanomita 650, ƙarfi miliwat 5, aji na 3R. A lokacin waɗannan lambobi ba su gaya min komai ba. Takardar ta jero abubuwan da na'urar take taimakawa a kai, tun daga ciwon gaɓoɓi har ƙurajen fuska, amma ko sau ɗaya ba ta ce a nuna wa likita tsiron kafin a fara ba, ba ta kuma bambanta wannan tsiro da wancan ba.

Na bi takardar sau da ƙafa, minti goma da safe, minti goma da dare. Kafin in fara, na sa ƙanwata ta ɗauki hoton kowane wuri da waya, har da tawadar kafaɗa, da rula a gefenta, don ina so in riƙa kwatanta canji. Waɗannan hotuna su ne suka zo suka yi min rana daga baya. Mako takwas na yi ina haskawa, ko tsiro ɗaya bai motsa ba. A mako na biyar ne na ga abin da ya kamata a ce ya tsayar da ni. Ina gaban madubi ina haska wani ɗigo kusa da idona na dama, na cire tabarau saboda da shi ba na ganin inda nake saitawa, sai hannuna ya goce, hasken ya bugi madubi ya dawo min cikin ido. Na runtse nan take, amma kusan minti goma duk inda na duba sai in ga wani ɗigo mai duhu yana bin kallona. Na zauna a bakin gado jikina yana rawa, maganar nan ta garin neman gira a rasa ido tana ta yawo a raina. Allah Ya taimake ni ɗigon ya washe. Daga baya na karanta cewa ido yana tattara hasken leza ne ya mai da shi ɗigo ɗaya a kan tantanin gani da ke can bayansa, kuma wannan tantani ba ya jin zafi, don haka yana iya ƙonewa mutum bai sani ba. Rubutun da ke jikin ƙananan lezoji masu araha ma ba abin dogaro ba ne. A 2013 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada irin na hannu fiye da ɗari, ta tarar mafi yawan masu koren haske da kusan rabin masu ja sun saɓa ƙa'idar tsaro. Tabarau na gaske kuwa ana rubuta masa zangon hasken da yake tarewa. Nawa baƙar roba ce kawai.

Duk da haka ban daina ba. Na rubuta wa masu sayarwar cewa wata biyu ba canji, suka amsa cikin ladabi cewa tsirona na buƙatar samfurin da ya fi ƙarfi, suka turo min hotonsa. Shi ma a talla leza aka kira shi. Da ya iso sai na ga allura ce a bakinsa, ba gilashin da haske ke fitowa ba, kuma idan aka kusantar da ita da fata sai wani ɗan tartsatsi ya tsallaka yana tsit-tsit, ƙaurin gashi ya tashi. Na gwada a kan masu reton wuya guda biyu. Zafin kamar an ɗora min kan ashana mai wuta, amma bayan kwana shida suka bushe suka faɗi. Wannan nasarar ce ta fi komai cutar da ni, domin ita ta ba ni ƙwarin gwiwar taɓa sauran. Na bi ɗigo tara a kumatuna. Ɓawon ya faɗi cikin mako guda, sai dai kowane wuri ya bar baƙin tabo da ya fi ɗigon asali faɗi, har mutane suka fara tambayata ko mai ne ya fantsamo min.

Kafaɗa hannuna ba ya kaiwa, sai na roƙi ƙanwata. Ta juya na'urar a hannunta ta ce, "Yaya, anya kuwa? Wannan fa ba irin na wuyan ba ne, shi a kwance yake cikin fata." Na ce mata ai duk ɗaya ne, ta daure kawai. Har yau ina jin nauyin sa ta da na yi, domin ta faɗi gaskiya na ƙi ji, kuma ita ta kwana da damuwar abin da ya biyo baya. Sau uku muka ƙona wurin cikin kwana goma, saboda duk lokacin da ɓawo ya ɗaga sai mu ga sauran launi a ƙasa. Bayan na ukun wurin ya kumbura, ya yi zafi rau, jan ya bazu zuwa faɗin tafin hannu, mugunya ta fara fita tana manne wa riga. Daren da zazzaɓi ya rufe ni ne maigidana ya ce da safe asibiti za mu, ba shawara yake nema ba.

Matakin farko likitan da ke duba kowace irin cuta ne. Na yanki kati, nas ta auna zafin jikina da hawan jini, na zauna a layi kusan awa uku. Da na shiga, likita ya ɗaga audugar ya duba, ya ce, "Malama, me ya ƙona ki a nan?" Na ce ƙurji ne ya fashe. Ya yi shiru yana kallon fuskata, inda tabo tara suke jere, sannan ya sake tambaya a hankali. Sai na tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa komai. Bai yi min faɗa ba. Tambayoyin da ya yi su ne suka tayar min da hankali: me ke wurin kafin a ƙona, tun yaushe, ya taɓa canza launi ko girma, ya taɓa yin jini da kansa, akwai wanda ya taɓa yin kansar fata a danginmu. Ya sa aka wanke ciwon, ya zagaye iyakar jan da biro a kan fatata, ya ce in ya tsallake wannan layin ko zazzaɓin ya ƙi sauka in dawo ko da tsakar dare ne. Ya tambayi rabona da allurar rigakafin sandarewar jiki, ya rubuta min maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda. Sannan ya rubuta takardar tura ni sashen fata, kuma na ga ya ja layi a ƙarƙashin wata jimla. Da na fita na karanta, jimlar tana cewa an ƙona tawada mai launi ba tare da an taɓa gwada ta ba. Ya ce in riƙe takardar da kyau, in yi kwafinta, kuma in je da na'urorin biyu da kwalayensu.

A sashen fata ba a ganin likita ranar da aka je. Na miƙa takarda a teburin rajista, aka buɗe min wani fayil daban, aka ba ni ranar da ta kama bayan mako biyar. Ciwon ya warke a cikin wannan jiran, amma wajen mako na huɗu ƙanwata ta duba ta ce launi ya fara dawowa a tsakiyar tabon, kuma ba da'ira ba ce kamar da, wani zane ne baƙi mai rassa, wani gefen ya fi wani duhu. A daren na karanta alamomin da ake dubawa a tawadar da ake tsoro: rabinta bai yi kama da ɗaya rabin ba, gefenta ba shi da tsari, launinta ya fi ɗaya, faɗinta ya wuce milimita 6, tana canzawa. Na ƙirga huɗu a jikina. Ban yi barci ba. Da safe na kira sashen na faɗi abin da na gani, kuma wannan kiran ya yi amfani, domin sun matso min da ranar da kwana biyar. Duk wanda aka ba rana mai nisa kuma abin ya canza kafin ranar, ya kira ya faɗa, kada ya zauna yana jira.

Likitar fata ta fara ne da na'urorin. Ta ɗauki ta farko ta karanta rubutun jikinta, ta ce miliwat 5 kashi ɗaya ne cikin ɗari biyu na wat guda, kuma irin wannan haske ba ya ƙona nama, ba ya yanka, ba ya busar da tsiro, ko shekara za a yi ana haskawa. Lezar da suke cire tsiro da ita a asibiti wata halitta ce daban. Wadda aka fi sani tana aiki da iskar kabon, zangon haskenta nanomita 10,600, ruwan da ke cikin nama ne yake shanye shi har naman ya ƙone ya tashi kamar tururi, kuma ƙarfinta yakan ninka na tawa sau dubu ko fiye. Akwai wata mai zango 595 da ke bin jijiyoyin jini, da ita ake yi wa wasu masu tusar jaki mai taurin kai. Sunan leza ne kawai ya haɗa su da abin da na saya. Ta ɗauki ta biyun ta ce wannan kam ko leza ba ce ba, tartsatsin lantarki ne ke ƙona saman fata, kuma babu yadda mai riƙe da ita a gida zai san zurfin da ya kai.

Ta ba ni wani tarihi a taƙaice wanda na je na bi diddiginsa daga baya, kuma ya tsaya min a rai. A 1960 aka ƙera leza ta farko. A 1967 wani likita a Budapest ta ƙasar Hungari, Endre Mester, ya so ya maimaita wani gwaji da aka yi a Amurka na kashe ƙari a jikin ɓeraye da leza. Ashe tasa ba ta kai wancan ƙarfi ba ko kusa. Ƙarin bai mutu ba, amma ya lura gashin da aka aske ya fi saurin tsirowa a inda aka haska, raunuka kuma sun fi saurin warkewa. Daga nan maganin leza mai ƙaramin ƙarfi ya samo asali. Wato tun ranar farko abin da aka gani shi ne wannan haske ba ya kashe tsiro, in ma ya yi wani abu to zaburar da ƙwayoyin halitta yake yi. Likitar ba ta ce abin banza ba ne. Ana amfani da shi a asibitoci wajen rage gyambon baki ga masu karɓar maganin kansa, akwai kuma na'urorinsa na zubewar gashi. Amma masu aiki da shi da kansu suna da ƙa'idar kada a haska shi a kan ƙari ko tsiron da ba a san ko mene ne ba. Ni kuwa mako takwas na yi ina yin hakan safe da dare.

Daga nan ta duba ni. Ta yi amfani da wani ɗan gilashi mai fitila da ke ƙara girman abu kamar sau goma, ta ɗora shi a kan kowane tsiro. Ba ta tsaya a inda na nuna ba. Ta duba bayana, da fatar kaina, da tafin hannu, da tafin ƙafa, da tsakanin yatsu, da farata, ta ce a jikin mai duhun fata a waɗannan wurare uku na ƙarshe mugun kansar fata da ake kira melanoma ya fi ɓuya, kuma duhun fata yana rage haɗarin ne, ba ya kawar da shi. A nan na fara jin sunan kowane. Masu reton wuya naman fata ne kawai, ba su da haɗari. Ɗigon kumatu gado ne, sun yawaita a masu duhun fata, su ma ba sa zama kansa. Babu tusar jaki ko ɗaya a jikina, duk da cewa haka nake kiran su tun farko. Ta ce gara da ba ita ba ce, domin ita ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ta, an kuma samu burbushin ƙwayar a hayaƙin da ke tashi idan an ƙona ta, shi ya sa a asibiti ake zuƙe hayaƙin da inji.

Da ta zo kafaɗa ta daɗe. Sannan ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta ce, "Malama, zan faɗa miki yadda abin yake. Da kin zo kafin ki taɓa ta, da wataƙila minti biyu ya ishe ni in ce ki tafi gida. Yanzu ba zan iya ba." Ta bayyana cewa tawadar da aka ƙona samanta aka bar saiwarta takan dawo cikin tabo da siffa mai ban tsoro, har a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji tana iya kama da kansa alhali ba ita ba ce. Idan kuma asali kansar ce, to ƙonawar ta share shaidar da ake buƙata. Tun 1970, bayan aikin wani likita mai suna Alexander Breslow, kaurin melanoma a milimita shi ne babban abin da ake dubawa a san faɗin naman da za a yanke da kuma ko za a bincika kaluluwa. Wanda ya ƙone saman ya lalata wannan awon. A lokacin na tuna da hotunan. Na buɗe waya na nuna mata, ta ƙara girmansu ta duba tawadar da rula a gefe, launi ɗaya, gefe a tsare, milimita huɗu. Na ga fuskarta ta ɗan saki. Ta ce wannan ya kwantar mata da hankali sosai, amma hoto ba ya maye gurbin gwaji, dole a yanke wurin gaba ɗaya a kai ɗakin gwajin nama.

An sa min rana bayan kwana tara. Kafin nan na biya kuɗin aikin a wani wuri, kuɗin gwajin nama a wani wurin, kowanne da rasidinsa, kuma sai da aka ga duka biyun aka shigar da ni. Na sa hannu a takardar amincewa, wadda ta ambaci jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da tabo. An tambaye ni ko ina shan maganin da ke tsinka jini, ko allurar kashe zafi ta taɓa yi min illa. Na kwanta ruf da ciki. Allurar ce kawai ta yi zafi, na 'yan daƙiƙu, bayan nan sai jan fata nake ji. An yanke wurin a siffar ido, har da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, aka yi ɗinki biyar, duka bai kai rabin awa ba. Na ga naman a cikin wata 'yar kwalba mai ruwan fomalin, da sunana da kwanan wata a jiki. Likitar ta nuna min takardar da za ta raka kwalbar, inda ta rubuta cewa an ƙona wurin sau uku da lantarki wata biyu da suka wuce, ta kuma haɗa da hoton farko. Ta ce in babu wannan bayani, mai duba naman zai iya yanke hukunci mafi muni a kan abin da ya gani, a zo a yi min aikin da ban buƙata ba. An ce kada in ɗaga abu mai nauyi da wannan hannun, in dawo cire ɗinki bayan mako biyu, domin fatar baya da kafaɗa tana jan ɗinki fiye da ta fuska.

Sakamako ya ɗauki kwana ashirin da uku. An ce min mako biyu, da na je cire ɗinki aka ce bai fito ba, ana ƙara wasu gwaje-gwajen rini a kan naman saboda tabon ya rikita shi. Waɗannan kwanaki tara na ƙarshe su ne mafi tsawo a rayuwata. Ina kallon 'ya'yana suna wasa sai hawaye ya zubo min. Ƙanwata tana kira kullum, ba ta tambaya kai tsaye, sai ta ce, "Yaya, ya jikin?" in ce da sauƙi, mu yi shiru. Ranar da aka kira ni, likitar ba ta ja min rai ba, tun ina bakin ƙofa ta ce ba kansa ba ce. Tawada ce da ta dawo cikin tabo, kuma an cire ta duka. Na yi hamdala, ƙafafuna suka kasa ɗaukata sai da na zauna. Amma ta ƙara da cewa rahoton yana magana ne a kan abin da ya rage, saman da ya ƙone babu mai iya ba da shaida a kansa, don haka za ta riƙa ganina duk wata shida na wani lokaci.

Sauran aikin ya zo da sauƙin da ya ba ni takaici, ganin irin wahalar da na sha a kansa. Masu reton wuya da hammata goma sha ɗaya, ta shafa maganin kashe zafi, ta datse su da ɗan almakashi, minti goma sha biyar an gama. Amma yawansu, da wani duhu mai laushi da ta gani a bayan wuyana, sun sa ta tura ni gwajin sukari, domin abubuwan biyu sukan tafi tare da jikin da ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Gwajin shi ne wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ba ya buƙatar a zo ba a ci komai ba. Daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, daga 6.5 ciwon sukari ne, nawa ya faɗa cikin gargaɗin. Da na ci gaba da ƙone su ɗaya bayan ɗaya a gida, da ban san wannan ba sai ya yi nisa. Ɗigon kumatu kuwa ta ƙi taɓa su sai tabon da na yi ya dushe, ta ba ni man shafawa da man kare rana, ta ce abin zai ɗauki watanni. Da lokaci ya yi, ɗigo biyu kawai ta fara gwadawa a kusa da kunne, ta jira mako shida ta ga yadda fatata za ta amsa. Na tambaye ta ruwan naitirojin da na ji ana daskarar da tsiro da shi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ta ce a fuskar mai duhun fata tana gudunsa, domin yakan kashe ƙwayoyin launi ya bar farin tabo. Tabon kafaɗa shi ne bai ƙare ba har yanzu. Ya yi tudu, yana ƙaiƙayi, saboda kafaɗa da ƙirji da kunne wurare ne da tabo ke son kumbura, balle wurin da aka ƙona, ya yi mugunya, aka kuma yanka. Ana yi min allura a cikinsa kusan duk wata, ina manna masa filastar silikon.

Da na tattara rasidai, kuɗin ganin likitoci, da magunguna, da yanka, da gwajin nama, da alluran tabo sun ninka kuɗin na'urorin biyu sau da yawa, alhali datse masu reton, wanda shi ne ainihin abin da ya fi damuna, shi ne mafi araha a cikinsu duka. Tsarin da na bi a juye yake. Na fara da neman abin cirewa kafin in san sunan abin da zan cire, kuma sanin sunan aikin ganin likita sau ɗaya ne. Wanda ya riga ya sayi jar leza mai miliwat kaɗan don tsiro, ya sani ba za ta cire ba, kuma idonsa da na yaran gidan ne ke cikin haɗari. Wanda aka ce wa ya koma mai ƙarfi, ya duba bakinta, in allura ce to wuta ce. Magungunan shafawa da ake tallatawa don wannan aiki ma matsalarsu ɗaya: a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa babu ko ɗaya da ta amince a sayar kai tsaye don cire tawadar Allah ko tsiro mai reto. Wanda kuma ya riga ya ƙona, kamar ni, ya je da na'urar, da kwalinta, da duk hoton da yake da shi na wurin kafin a taɓa, ko da hoton wani taro ne da wurin ya fito a gefe, ya faɗi sau nawa ya ƙona da kuma ranakun, ya tabbatar an rubuta hakan a takardar da za ta raka naman.

Na'urorin biyu na bar su a wurin likitar, ta ce za ta riƙa nuna wa masu zuwa da irin tambayata. Ƙanwata ce har yanzu take ɗaukar min hoton kafaɗa a farkon kowane wata, da rular nan a gefe, kuma dubawar wata shida ta gaba saura mako bakwai.